Ranar da Na Ƙi Miƙa Takardar Ƙanena

Ƙanena bai yi magana ba sai da ya shekara biyar, kuma da ya tashi buɗe baki ba Inna ya fara kira ba. Sanarwar rasuwa ya kawo mana, wadda aka karanta a rediyo da safiyar ranar, tun daga sallama har unguwar da za a yi jana'iza, da muryar mai sanarwar da irin jan numfashinsa. Innarmu tana tuƙa tuwo, ta saki muciya ta hau salati. Ni kuwa, 'yar'uwarsa da na girme shi da shekara takwas kuma ni nake rainonsa, dariya na yi har na zauna a ƙasa. Na daɗe ina gaya musu yaron nan yana jin komai, suna cewa in rufe musu baki.

Daga nan aka shiga neman magani. Ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi, an kai shi wajen wani mai magani a can bayan Baure wanda ya ce aljana ce ta shafe shi, ya karɓi baƙin ɗan akuya. Akuya ya tafi, ƙanena yana nan yadda yake. Ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi ba shiri, in aka matsar da takalminsa daga inda ya ajiye sai gidan ya ɗauki ihu. A unguwarmu ta Daura masu kirki suna ce masa bawan Allah. Marasa kirki suna da nasu sunan, kuma na fasa bakin yara fiye da uku a kan sunan nan, ban yi nadama ba har yau.

Babanmu ya rasu ƙanena yana ɗan shekara goma, gida ya koma hannun Baffa, ƙanen Baba. Sai da na fara koyarwa a firamare na samu halin kai yaron babban asibiti a Kano. Wata likita ta zauna da shi kusan awa biyu, ta ce abin da ke tare da shi sunansa otizim, haka aka halicce shi, hayaniya da sauyi da karanta fuskar mutane su ne suke ba shi wahala. Ni ba na son kewaye-kewaye, na tambaye ta ko mahaukaci ne. Ta ce a'a. Na ce to ta rubuta. Ta yi murmushi ta rubuta cewa yana cikin hankalinsa kuma zai iya koyon sana'a, ta buga hatimi. Na kawo takardar gida na sa a akwatin ƙarfe ƙarƙashin takardun makarantata. Da Turanci take, kuma ni kaɗai ke karanta Turanci a gidan. Na fassara musu ya fi sau goma, amma su dai abin da suka riƙe shi ne sashen da muka je nan ne ake kai masu taɓin hankali. Saboda haka a bakin 'yan gidanmu sunanta takardar hauka, duk da abin da ke cikinta akasin haka ne.

Sana'ar kuwa shi ya samo abarsa. A bakin hanyar da ke fita Zango da Baure akwai shagon kayan gyaran babura na wani mutumin kudu maso gabas, Kirista, wanda kowa ke kira Oga. Ya zo Daura tun yana saurayi, a nan ya yi furfura. Ƙanena ya ɗauki wata da watanni yana tsayawa a gaban shagon yana kallon kwalaye, ba ya cewa kowa komai. Ran nan wani bakanike ya zo neman ringin injin wani tsohon babur, Oga ya birkice shago bai gani ba, sai ya ji ƙanena daga waje ya ce kanta ta uku, bayan kwalin fulogi, saura guda biyu. Ya duba, guda biyu ne. Washegari ya aiko a nemi izinin Baffa, ya ɗauke shi aiki.

Shekara tara ya yi a shagon nan kafin abin da zan ba da labari. Shi ya jera kantocin da hannunsa, ya san mazaunin kowane noti. Kanikawa daga Mashi da Babban Mutum, har da na tsallaken iyaka, in sun zo ba Oga suke tambaya ba, shi suke tambaya. Yana fita ƙarfe bakwai, yana dawowa bayan la'asar, yana sallarsa a gefen dama na sahun farko, wuri ɗaya kullum. Shagon nan ne kaɗai wurin da ake kiransa da sunansa na yanka, kuma ana jiran amsarsa. Oga da matarsa, wadda muke ce wa Madam, suna da 'ya mace ɗaya, haifaffiyar Daura, Hausarta ta fi ta wasu malaman makarantarmu daɗin ji.

Da Shari'a ta zo jiharmu na yi murna, kuma ba zan ɓoye ba don in burge kowa. Na ga gidan giyar da ke bayan makarantarmu an rufe shi, na ce alhamdu lillahi. Amma a tabarmar da ake shimfiɗawa ƙofar gidanmu, inda Baffa da abokansa suke zama, hirar ba ta tsaya kan Shari'a ba. Ta koma kan wa zai tafi da wa zai zauna, da shagon wa zai faɗa hannun wa. A lokacin labarin tashin hankali yana ta zuwa daga wasu garuruwa, wasu 'yan kudu sun fara tura iyalansu gida. Oga bai tura nasa ba. Ƙanena kuma kullum yana ƙarshen tabarmar yana jera marafan kwalba bisa launi, ana magana a kansa kamar yadda ake magana a kan buhun gero.

Ranar kasuwa abin ya faru. 'Yar Oga ta dawo hutu daga makaranta, lokacin tana da wajen shekara ashirin, ta ga shago ya yi mata cunkoso, ta tashi da sassafe ta sake jera kantoci. Ƙanena ya zo ya tarar da fulogi a mazaunin ringi. Ya ce ta mayar, ta ce ya bari a sallami mutane tukuna. Ya sake faɗa, ya sake faɗa. A na huɗu sai ya tsaya a bakin ƙofa, gaban kanikawa da 'yan acaba wajen ashirin, ya ɗaga murya ya ce su Oga arna ne, ƙazamai masu cin kare, su koma garinsu, shagon ma nan da kaka ba nasu ba ne.

Wasu suka bushe da dariya. Wani ya maimaita da ƙarfi, wani ya amsa daga tsallaken titi, kafin ka ce me mutane sun taru, wani ya jefa dutse ya faɗa kan rufin kwano. Oga ya ja 'yarsa ciki ya sauke ƙofa. Kwana uku shagon yana rufe, Madam da 'yarta ko ɗiban ruwa ba su fita ba. A zamanin nan kalmomi irin waɗannan ba wasa ba ne, kowa ya san abin da suka haifar a wasu wurare. Oga bai je wajen 'yan sanda ba. Wajen mai unguwa ya kai ƙara, aka sa ranar zama, Alhamis bayan la'asar.

Ga yadda ake irin wannan zama a wajenmu, ga wanda bai sani ba. Mai laifi ba ya magana. Yana durƙushe ne kansa a ƙasa, babbansa shi ke tashi ya ce yaro ya yi kuskure, a yi haƙuri. Wanda aka yi wa laifi ya ce ba komai, ko da akwai komai. Liman ya yi addu'a, a shafa, a watse. Na sha ganin an kashe manyan rigingimu da wannan, ban raina shi ba. Amma Baffa ya zo da wata dabara da ta fi wannan sauƙi. Ya kira ni zaure ya ce in fito da takardar hauka ranar Alhamis. Mai unguwa zai ga hatimin asibiti, liman zai ce alƙalami ba ya kan wanda ba shi da hankali, shi ke nan ba laifi balle ban haƙuri. Bayan nan kuma a killace yaron a gida, tun da dama fitar tasa ce ke jawo magana. Har ya sa an fara share ɗakin da ke kusa da turken awaki, wanda sakatarsa take ta waje.

Na ce ba zan kawo ba.

Baffa ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Na tuna masa shekara biyu da suka wuce, da rikicin iyakar gona ya haɗa shi da wani a ƙauyenmu, wa ya ɗauka a bayan babur ya kai gaban dagaci? Ƙanena ne ya tsaya ya lissafa inda Baba ya dasa kowace aduwa da shekarar da aka dasa ta, aka karɓi shaidarsa, Baffa ya ci gona. Ranar nan ban ji an ce alƙalami ba ya kansa ba. Azuminsa ana ƙirga masa, sallarsa ana ƙirga masa, in an yi baƙi shi ake tura wa ya tuna sunan 'ya'yan dangi. Sai yau da bakinsa ya jawo kunya za a ce mahaukaci ne? Baffa ya ce boko ya lalata ni. Na ce mai yiwuwa, amma takarda tana akwatina kuma makulli yana wuyana.

Inna ta bi ni ɗaki tana kuka. Ita tsoronta kada a kai shi gaban alƙali, kada a yi masa bulala, gara a ce mahaukaci ne ya zauna kusa da ita tana ganinsa. Na tausaya mata, wallahi na tausaya mata. Amma na san ɗakin nan mai sakata ta waje, na san wanda aka sa a irinsa a unguwarmu da yadda ya ƙare. Shekara tara ƙanena yana tashi da wurin zuwa. Ban ga dalilin da zai sa a binne shi da rai don Baffa ya huta da sunkuyar da kai na minti biyar ba.

Sai dai akwai abin da nake ɓoyewa ko ga kaina. A can ƙasan raina ina fatan bai san abin da ya faɗa ba, ya zama maimaitawa ce kawai irin ta sanarwar rediyo. Ranar Laraba da hantsi na same shi a tsakar gida yana jera marafansa, ya kasa cin abinci tun da aka rufe shago. Na zauna gefensa, ba gabansa ba, don ya fi sakewa in ba a fuskance shi ba. Na tambaye shi me ya sa ya faɗi abin da ya faɗa. Ya ce ta sa fulogi a wurin ringi, ya gaya mata sau uku.

"Ka san maganar tana da zafi?"

"Na sani, Yaya."

"To don me ka faɗa?"

"In an faɗa musu suna yin shiru. Na gani sau shida. Ina so ta yi shiru ta mayar da fulogi."

Na ji haushinsa irin wanda ban taɓa ji ba. Wannan yarinyar ita ke ajiye masa kujerarsa nesa da janareta don ƙara tana damunsa, uwarta ita ta ɗinka masa rigar aiki mara maɓalli don ba ya son maɓalli. Ya duba cikin abin da ya tara a kansa ya zaɓi wanda ya fi ciwo, ya jefe ta da shi. Ban san cewa dutse zai biyo baya ba, shi ma bai sani ba, wannan kam na yarda. Amma ya san yana cutarwa. Kuma abin mamaki, a cikin haushin nan sai na ji wani ƙarfi ya shige ni. Wanda ya iya zaɓar abin da zai cutar, mutum ne, kuma mutum shi ke tashi ya amsa laifinsa.

Na gaya masa abin da ya jawo, dalla-dalla, don shi ba a yi masa hannunka-mai-sanda. Na ce Madam kwana uku ba ta fita ba saboda tsoro. Na ce dutsen da aka jefa da ya sami yarinyar a ka da yanzu wani zance ake. Ya fara kaɗa jikinsa gaba da baya, ya daɗe yana yi. Can ya tambaya ko an mayar da fulogi. Na ce ban sani ba, kuma ba shi ne abin tambaya ba yau. Na ce gobe shi zai yi magana da bakinsa, ba Baffa ba. Ban koya masa abin da zai ce ba, don na san in na koya masa da muryata zai faɗa, kowa kuma zai gane.

Ranar Alhamis ƙofar gidan mai unguwa ta cika. Mai unguwa yana kan kujera, liman a gefensa. Oga yana kan benci da Madam da 'yarsu da wasu dattawa biyu 'yan garinsu. Kanikawa da 'yan acaba sun yi da'ira, har da masu dariyar ranar kasuwa, sun zo kallo da fuskokin salihai. Mata ba sa zuwa irin wannan zama sai in su aka kira. Na sa hijabina na zo na tsaya jikin bango, takardar tana cikin jakata. Na ɗauko ta ne don kada a fasa akwatina a bayana.

Baffa ya tashi ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce kowa a nan ya san yaron nan ba cikakke ba ne, har takardar likita akwai. Ya juyo ya miƙo mini hannu, yana tsammanin idon jama'a zai karya ni.

"Ranka ya daɗe," na ce wa mai unguwa, "takarda tana nan, amma ba zan bayar a yi wannan aikin da ita ba. Ƙanena ba mahaukaci ba ne. Yana da lalura, hayaniya tana damunsa, sauyi yana damunsa, shi ya sa ransa ya ɓaci. Amma lalurar ba ita ta zagi mutanen nan ba. Shi ya zage su, ya kuma san zagi ne. A bar shi ya amsa."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani daga baya ya ce wace irin 'yar'uwa ce wannan, mai tona asirin jininta gaban baƙi. Na juya na dube shi har sai da ya kawar da kai, don na gane shi, yana cikin waɗanda aka ce sun maimaita zagin. Mai unguwa ya dubi liman. Liman tsoho ne mai sanyin magana. Ya ce shi dai shekara da shekaru yana ganin mutumin nan a sahun farko, bai taɓa ganin ya yi raka'a uku a azahar ba, don haka bai ga yadda zai ce alƙalami ba ya kansa ba. A tambaye shi.

Ƙanena bai durƙusa ba, ya manta ko bai ga dalili ba. Ya tsaya yana kallon ƙafar bencin da su Oga suke kai, yatsunsa suna motsi. Ya ce ya faɗi magana mai zafi da gangan don a mayar da fulogi. Ya ce Yaya ta ce Madam ta ji tsoro kwana uku, shi bai so Madam ta ji tsoro ba. Ya ce bai kyauta ba, ba zai sake ba. Jimla huɗu ko biyar, babu ado, babu rantsuwa. Na sha jin ban haƙuri a rayuwata, daga bakin manya masu iya zance, ban taɓa jin wanda ya kai wannan tsabta ba.

Oga ya buɗe baki zai ce ba komai, yadda aka saba. Sai 'yarsa ta dafa hannunsa ta tashi. Ta ce ita a asibitin garin nan aka haife ta, a nan ta yi firamare, kakarta ma Bahaushiya take kiranta don tsiya in sun je garin iyayenta. Ta dubi ƙanena.

"Wane gari zan koma? Shekara tara muna tare ban taɓa jin ka faɗi haka ba. A ina ka samo?"

Ba amsa take nema ba, kowa ya gane haka. Amma ƙanena in an yi masa tambaya amsawa yake. Ya ce "nan da kaka shagon ba nasu ba ne" Baffa ne ya faɗa, ranar Juma'a bayan an sauko, a kan tabarma, yana cin gyaɗa. Kuma ya faɗe ta da muryar Baffa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya yi magana. Dariya ta kuɓuce wa mutane. Baffa ya zama kamar an watsa masa ruwa. Ƙanena ya ce "su koma garinsu" tela ne na kusa da masallaci, sau huɗu, ya kawo ranakun. Tela yana wurin, ya fara neman hanyar sulalewa. Ya ambaci mutum na uku, ya ambaci na huɗu. Dariya ta fara raguwa, don kowa ya shiga lissafin abin da ya taɓa faɗa kusa da marafan kwalba.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi nake ji. Ina tsaye jikin bango ina cewa a raina, yawwa, ku sha, ga buhun geron naku yana magana. Sai na ji ya ce saura "ƙazamai masu cin kare". Ya ce wannan Yaya ce.

Ya kawo ranar. Kirsimeti ce, shekara uku da suka wuce. Madam ta ba shi shinkafa da kaza a babban kwano mai murfi ya kawo gida. Sai na ji muryata tana fitowa daga bakin ƙanena, da irin tsakin da nake ja: "Kai, zuba wa kaji. Wa ya san abin da suka sa a ciki, ƙazamai masu cin kare." Ya ce ya zuba wa kaji. Ya ce Yaya ta wanke kwanon ta ce ya mayar ya ce an gode, ya yi daɗi.

Na manta da ranar nan sam. Na faɗa ne ina tsakar shara, ko juyowa ban yi ba. Ni da na fasa bakin yara saboda sun kira shi da sunan da ba nasa ba, ni ma a kansa na yi magana kamar ba ya wurin. Madam ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi.

"Malama," ta ce, "kowace shekara ina ƙara naman, don kin ce ya yi daɗi."

Kunya ta rufe ni. Ina iya cewa ya ruɗe ne, yana haɗa zance. Takardar tana cikin jakata, hannuna yana kanta, kuma da na fito da ita a lokacin da Baffa da tela da sauran duk sun taya ni rantsuwa cewa mahaukaci ne. Na ga Baffa yana kallona, idonsa yana cewa to, yanzu fa? Na zare hannuna daga jakar. Na bar jikin bango na zo tsakiyar fili, gaban maza, na durƙusa a gaban Madam. Na ce gaskiya ya faɗa, ni na faɗa, ba ni da lalura ba ni da takarda, ta yafe mini in za ta iya.

Ba ta ce ba komai ba. Ta ce ta ji. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce tun da mace ta iya, yana jiran maza. Tela ya yi ban haƙurinsa a tsaitsaye. Baffa ya ce shi wasa yake yi ranar, mai unguwa ya ce to ya ba da haƙurin wasan, ya bayar yana kallon sama. Daga nan aka tambayi Oga abin da yake so. Ya bar wa 'yarsa. Ta ce ƙanena ya zauna a gida wata guda, ba ta son ganinsa yanzu. In ya dawo, ranar kasuwa, ya tsaya a bakin ƙofar da ya tsaya ya faɗi abin da ya faɗa yau, da ƙarfin muryar da ya yi zagin. Ita kuma za ta mayar da fulogi, kuma ba za ta sake taɓa kantocin ba sai ta gaya masa tun ana gobe.

Watan nan ya yi masa tsawo ƙwarai. Kullum ƙarfe bakwai yana sa rigarsa mara maɓalli ya zauna a zaure har la'asar, yana ƙirga kwanakin da suka rage. Inna ta ce in je in roƙa a rage masa, na ƙi. Baffa ya daina amsa gaisuwata har kusan shekara, a dangi aka sa mini suna mai tona asiri, wata gwaggonmu ta ce da bakina zan mutu. Ban ba kowa haƙuri a kan wannan ba, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi. Ɗakin nan mai sakata ta waje, buhunan ƙaiƙayi aka zuba a ciki.

Ya koma aiki ranar kasuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa da ƙarfi, 'yan acaba suna ji, ba wanda ya yi dariya. Har yanzu yana shagon, furfura ta fara fito masa. 'Yar Oga ce ke riƙe da wurin tun da ƙafa ta hana babanta zama, kuma in za ta matsar da ko kwali ɗaya tana gaya masa tun ana gobe. Takardar tana akwatina, ta yi ja don tsufa, ban taɓa nuna wa kowa ita don a yafe masa wani abu ba.

Ni da Madam muna gaisawa, har biki na je musu. Amma babban kwanon nan mai murfi bai sake shigowa gidanmu ba. Duk Kirsimeti tana zuba wa ƙanena nasa a ƙaramin kwano, cin mutum ɗaya. Wata shekara ya taho da shi gida, ya zauna a tsakar gida ya buɗe, ƙamshi ya cika wurin. Na zauna gefensa na ce ya ɗan sam mini in ɗanɗana. Bai ɗago ba.

"Madam ta ce nawa ne, Yaya. Naki kin ba kaji."